Tambaya da Amsa: Ayaba, Wake da Tsinken Tsire a Darasin DNA

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon yawancinsu daga malaman sakandare ne na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago a Legas, kuma kusan duk bakinsu ɗaya. Babin gadon halitta na Bayoloji yana zuwa a ajin ƙarshe, WAEC da NECO na bakin ƙofa, yara sun haddace AA da AS na jinotayif, wato nau'in jinin da ke nuna ko an gaji sikila, kamar karatun aku, amma da an ɗan juya musu tambaya sai ido ya raina fata. Ga shi yawancin makarantun babu ɗakin gwaji. Malaman kimiyyar da ke kula da wannan fili sun amsa. Inda muka ce sel, muna nufin ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jikin kowane mai rai da shi. DNA ita ce zaren da ke cikin sel mai ɗauke da umarnin halittar da ake gada daga iyaye. Inda muka ce ƙwayar gado, muna nufin yankin DNA mai ɗauke da umarnin abu guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da Bayoloji, ɗalibai sittin ne a ajina. An ce ana iya fitar da DNA daga ayaba a gan ta da ido. Sau biyu ina gwadawa, abin da nake samu kunu ne mai kumfa. Ina kuskuren yake? Daga wata malama a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kumfar nan ita ta tona asiri: an girgiza haɗin bayan an zuba sabulu. Muna kuma zargin sifirit ɗin bai yi sanyi ba, ko kwara shi aka yi maimakon a zurara. Bari mu ɗauko daga tushe.

Ki haɗa ruwan aiki tun kafin yara su shigo. Ledar fiya wata ɗaya mililita 500 ce. Ki rage kamar 50, ki narkar da gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi a sauran, shafaffe ba mai tozo ba, sannan ki ƙara sabulun ruwa na wanke kwanuka cokalin cin abinci uku. Ki juya a hankali kamar mai tsoron kada ya zube. Wannan ya ishi rukuni goma. Garin sabulun wanki ki bar shi, ba ya narkewa tas, kumfarsa kuma ta yi yawa.

Kowane rukuni na mutum shida ki ba su sulusin ayaba nunanniya, farar leda mai kauri, ƙyallen tatar koko, kofin roba, siririyar kwalba mai haske, sirinjin mililita 10 marar allura domin awo, da tsinken tsire. Su murje ayabar a cikin leda na minti biyu har gudaji su ƙare. Sai a zuba ruwan aiki mililita 40, a cuɗa daga wajen ledar a hankali na minti ɗaya, a ajiye minti goma. A tace da ƙyallen, a bar shi ya ɗiga da kansa. Nan yara ke ɓata aiki, domin hannunsu ya saba da matsar ƙullu. Da an matse, dusar ayabar ta bi ruwan, an koma kunu. Mililita 10 na tataccen ruwan ya isa, a zuba a kwalba.

Sifirit na kemis ake so, mai ƙarfi, kashi 90 cikin 100 ko fiye. Mililita 250 ya ishi ajin. Mai kashi 70 yana yi, sai dai ruwansa ya yi yawa, dole a ninka abin da za a zuba, zaren kuma ba ya fitowa sosai. Man goge hannu mai kauri ba ya yi sam. Kada ki dogara da firjin makaranta a garin nan. Ki sayi ƙanƙara ki binne kwalbar sifirit a kula awa ɗaya kafin darasi, kada ta fito sai lokacin zubawa, domin zafin Legas ba ya ba ta minti goma. A karkata kwalbar gwajin, a zurara sifirit mililita 15 ta jikin bangonta har ya kwanta a saman ruwan ayabar, hawa biyu a rabe. A ajiye, kada kowa ya taɓa. Cikin minti biyu zuwa biyar wani farin abu mai kama da majina zai taso daga inda ruwan biyu suka haɗu, da 'yan ƙananan kumfa maƙale a jikinsa. A sa tsinken tsire a murza ta gefe guda, zai naɗe kamar auduga a mazari.

Kada yara su tashi ba su san aikin kowane abu ba, in ba haka ba rufa-ido kawai suka kalla. Murzawa tana fasa bangon sel. Sabulu yana narkar da fatar sel da ta cibiyarsa, domin da maiƙo aka yi su, kamar dai yadda yake cin man ja a kwano. DNA tana da cajin da ke sa zarenta ture juna, gishiri ne ke kashe wannan cajin su samu haɗuwa. Tana narkewa a ruwa, ba ta narkewa a sifirit, shi ya sa take fitowa fili a inda suka gamu. Sanyi yana ƙara fitar da ita, yana kuma rage kuzarin enzayim, wato sinadarin cikin sel, da ke daddatsa ta. Ki sa rukuni ɗaya su yi nasu ba sabulu, wani ba gishiri, a jera kwalaben a kwatanta.

Ayabar da ta yi baƙi ta lugwigwice ba ta da kyau, ɗanya kuma ba ta murzuwa. Sannan akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa wa ɗalibai: farin abin nan ba DNA ce zalla ba, akwai RNA, wato 'yar'uwar DNA, da furotin a ciki, a 'ya'yan itace kuma akwai pektin mai yawa, wato abin da ke sa su yauƙi. In kina son wadda ta fi tsabta, ki koma ga albasa, ga ta nan jibge a Mile 12. DNA ɗin sel ɗin albasa ta ninka ta ɗan Adam kusan sau biyar. A yanka ta ƙanana, a zuba ruwan aiki ya rufe ta, a tsoma kofin a ruwa mai zafin digiri 60 na minti 15, kada ya wuce, sannan a sanyaya a ƙanƙara minti biyar. In babu ma'aunin zafi, tafasasshen ruwa da na famfo rabi da rabi yana kaiwa kusa da haka. In za a sa a bilenda, daƙiƙa biyar kacal, fiye da haka wuƙar ta tsinka zaren. Ɗigo uku na ruwan ɗanyar abarba a tataccen ruwan yana cinye furotin. Na kwali an dafa shi, enzayim ɗinsa ya mutu.

Sifirit yana kama wuta kuma guba ne in an sha. Ya zauna a hannunki ke kaɗai, a buɗe tagogi, kada a kunna komai. Ki kuma ba su labarin wanda ya fara wannan aiki, Friedrich Miescher, a garin Tubingen na Jamus a 1869. Shi ba ayaba ya samu ba, ruwan mugunya ya wanko daga bandejin asibiti.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne ɗan aji biyar. Ina so in ga DNA ɗin jikina. Sai an ɗebi jini? Daga Idi-Araba.

AMSA: A'a, ɗanmu, kada ka huda kanka. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum ma ba su da cibiya, babu irin DNA ɗin da kake nema a cikinsu. Cikin kumatunka ya fi sauƙi. Ka narkar da gishiri rabin cokalin shayi a kofin ruwa, ka guntsi kamar cokali ɗaya na cin abinci, ka kurkure da ƙarfi minti ɗaya kana goga kumatu da haƙora, ka tofa a kofi mai haske. Ka sa ɗigo biyu na sabulun ruwa da aka sirka, ka juya a hankali, malaminka ya zurara maka sifirit mai sanyi. Abin da za ka gani siraran zare ne kamar yanar gizo, bai kai na ayaba yawa ba, sai ka ɗora kofin a kan baƙin abu kafin ya fito maka. Kada ka yi bayan cin abinci ko goge baki. Ko ka sa a madubin ƙara girma na makaranta ba za ka ga murɗaɗɗen tsanin nan na littafi ba, faɗinsa nanomita biyu ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Ga malamai: kowa da kofinsa, a zubar bayan an gama, kuma kada a sa wannan darasi a watan azumi.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe. Ina son yara su gina siffar DNA da hannunsu, amma kayan da ake sayarwa sun fi ƙarfin makarantarmu. Me zai maye gurbinsu? Daga wani malami a Alaba Rago.

AMSA: Malam, tsinken roba na shan lemo kala huɗu, marafan robar ruwa kala biyu, da siririyar waya irin ta ɗaurin rodi sun wadatar. Marfi fari shi ne sukari, shuɗi fosfet, sinadarai biyun da suka gina gefunan DNA. A huda su da ƙusa mai zafi tun a gida, a zura a waya fari, shuɗi, fari, shuɗi, layi biyu. Su ne ƙafafun tsani. Matakan kuwa tsinken lemo ne, kowace kala tana wakiltar ɗaya daga haruffan DNA huɗu, A, T, G da C: a yanka A da G santimita 6, T da C santimita 4. Dalilin bambancin shi ne A da G sun fi girma a zahiri. Ta haka kowane mataki, A da T ko G da C, zai ba da santimita 10 cif. Yaron da ya haɗa A da G zai ga tsanin ya kumbura, wanda ya haɗa T da C zai ga bai kai ba. Ka bar su su yi kuskuren, tsanin ne zai gyara musu. Tsawo kaɗai ba ya hana a haɗa A da C, don haka a ja layi biyu da maka a mahaɗar A da T, layi uku a ta G da C, adadin igiyoyin haidurojin da ke riƙe da su ke nan.

Kurakurai uku ne ke yawan fitowa, har a zanen bangon makarantu. Na farko, a maƙala mataki a jikin fosfet, alhali a jikin sukari yake. Na biyu, a manta cewa ƙafafun biyu ba gefe ɗaya suka fuskanta ba, ɗaya kai sama, ɗaya kai ƙasa. Sai marafan wannan layi su kife, na wancan su kalli sama. Na uku, a murɗa ta hagu. DNA ta dama take murɗewa. Ka kawo sukurun kafinta ka tsayar kusa da ita: in zaren da ke fuskantarka yana hawa daga hagu ta ƙasa zuwa dama ta sama, kamar na sukurun, an yi daidai. Tazarar mataki da mataki santimita biyu, zagaye ɗaya mataki goma.

Da an gama, ka sa su ƙirga A da T da G da C na dukan tsanin. A za ta yi daidai da T, G da C. Wannan shi ne abin da Erwin Chargaff ya auno kafin James Watson da Francis Crick su buga siffar a 1953, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin. Ka kuma ba su wannan lissafi su yi da kansu: matakan DNA ɗin da mutum ke gada daga mahaifi ɗaya sun kai kimanin biliyan uku. A ma'aunin santimita biyu, tsanin zai kai kilomita 60,000, ya zagaye duniya sau ɗaya da rabi.

TAMBAYA: Ɗalibaina sun iya zana akwatin Punnett, wato jadawalin da ke nuna abin da 'ya'ya za su iya gada, na AS da AS. Amma sun tsaya kai da fata cewa in an haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ne kawai zai zama sikila, har wata ta ce in na fari ya zo SS sauran ukun sun tsira. Yaya zan cire musu wannan? Daga wata malama a Mile 12.

AMSA: Malama, ba ɗalibanki kaɗai ba, manya da yawa sun yi aure a kan wannan lissafi. Akwatin ne ke yaudara, domin gida huɗu gare shi, sai ido ya ga 'ya'ya huɗu. Baki ba ya cire wannan fahimta, sai hannu ya ƙirga.

Ki raba su biyu-biyu. Kowane yaro ya riƙe baƙar leda ko safa mai ɗauke da farin wake 50 da jan wake 50. Fari shi ne A, ƙwayar gadon lafiyayyen jini, ja shi ne S, ta sikila. Leda ɗaya uba ce, ɗaya uwa, dukansu AS. Kowa ya zura hannu ba tare da leƙawa ba ya ɗauko ƙwaya ɗaya, a haɗa biyun, an haifi ɗa ke nan. A rubuta AA ko AS ko SS, a mayar da kowane wake ledarsa, a girgiza, a sake. Sau arba'in.

Abu biyu ke lalata wannan aiki. In ba a mayar da waken ba, abin da ya rage a leda ya canja, haihuwar baya ta shafi ta gaba, wato kin koyar da ainihin kuskuren da kike yaƙa. Na biyu, in jan waken ya fi farin girma, yatsa zai riƙa zaɓe. Ki tsince masu girma ɗaya, ko ki yi wa rabin farin waken ɗigon maka. Wasu littattafai suna cewa a jefa kwabo, to ina kwabon yake yanzu? Marfin kwalba kuma ba ya maye gurbinsa, gefe ɗaya ya fi nauyi. Ɗan ludo yana yi: 1 zuwa 3 A ne, 4 zuwa 6 S.

Sakamakon kowane rukuni zai zo a karkace, wani SS shida, wani goma sha huɗu. Kada ki gyara musu. In ajin mutum sittin ne, ki tara na rukuni talatin a allo, haihuwa 1,200 ke nan, su ga jimillar ta matso kusa da 300, 600, 300. A nan ake kawo Gregor Mendel, wanda ya buga aikinsa a 1866. Da ya ƙirga ƙwayoyin wakensa irin na Turai, ya samu masu santsi 5,474 da masu tamoji 1,850. Shi ma bai samu uku da ɗaya cif ba, yawan ƙirga ne ya fito masa da tsarin.

Yanzu ga wurin da amsarki take. Kowane rukuni ya ja layi bayan kowace haihuwa huɗu a takardarsa, gida goma ke nan. A ƙirga gida nawa ne babu SS, nawa ne ɗaya, nawa ne biyu ko fiye. Lissafi ya nuna a cikin gida 100, kimanin 32 babu ko ɗaya, 42 ɗaya, 26 biyu ko fiye. A gida 256 ana sa ran ɗaya da duk huɗun SS ne. Wato gidan da ya yi daidai da zanen akwati bai kai rabi ba. Ki sa yarinyar nan ta nemo da kanta gidajen da na fari ya zo SS, ta duba ko na biyu ya taɓa maimaitawa. Za ta samu.

Daga nan sai a sauya ledoji. Uba fari zalla, uwa gauraye: babu SS ko an kwana ana ɗiba. A kawo kala ta uku ta zama C, wani nau'in ƙwayar gadon jini banda A da S, a haɗa AS da AC, kashi ɗaya cikin huɗu zai fito SC, wanda shi ma ciwon sikila ne. Wannan ya shafe mu a Legas, domin C ta fi yawa a kudu maso yamma. Da ledojin nan kuma ake koyar da jinsi: ta uwa X zalla, ta uba rabi X rabi Y. Su ɗiba su ga daga wace leda namiji ke fitowa, su kuma ga gida mai mata huɗu a jere ba abin mamaki ba ne, ɗaya ne cikin goma sha shida.

Hattara ɗaya, Malama. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, don haka a ajinki akwai masu AS, mai yiwuwa da mai amosanin jinin ko wanda ya rasa ƙani. Kada a tambayi kowa jinotayif ɗinsa a bainar aji. Mai son sani ya je gwaji. Akwai Cibiyar Sikila ta Ƙasa a Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH. In kina neman ranar da za a yi wa iyaye wannan nuni, 19 ga Yuni ce Ranar Sikila ta Duniya.

TAMBAYA: Ta yaya zan nuna musu cewa canjin harafi ɗaya tak ne ke kawo sikila? Ba sa yarda. Daga wani malami a Obalende.

AMSA: Ka fara da Hausa, Malam. Sel yana karanta DNA harafi uku-uku, kowane uku amino asid ɗaya, wato tubalin da ake gina furotin da shi. Rubuta a allo: YAU ALI ZAI KAI MAI. Goge K ka sa S: YAU ALI ZAI SAI MAI. Jimla tana nan, mai kaiwa ya koma mai saye. Sannan ka mayar da ita yadda take, ka cire A ta ALI, ka sake yanka uku-uku: YAU LIZ AIK AIM AI. Komai ya rushe. Sun ga bambancin musanya harafi da ɓacewar harafi.

Sai ka ba su na gaske, farkon ƙwayar gadon da ke gina sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin jini mai ɗaukar iskar oksijin. Ƙwayar gadon tana kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga ƙunshin DNA na cikin sel: GTG CAT CTG ACT CCT GAG GAG. Rabin aji su karɓi wannan, rabi su karɓi wanda GAG na shida ya koma GTG, kada ka gaya musu akwai bambanci. Jadawalin littafi na fassara harafi uku zuwa amino asid da U yake, don haka su mayar da kowace T ta zama U kafin su duba. Layin da ka ba su shi ne mai daidai da mRNA, wato kwafin saƙon DNA, ba sai sun nemo kishiyarsa ba, nan ne aka fi rikicewa. Kowane amino asid a ba shi kalar dutsen ado a zura a zare. In an jera zarurrukan, dutse na shida kaɗai zai bambanta, gulutamik asid ya koma balin, a sarƙa mai amino asid 146. Balin ba ya son ruwa, shi ke sa himogulobin manne wa juna in iskar oksijin ta yi ƙasa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. In GAG ɗin nan ya koma AAG, himogulobin C aka samu.

TAMBAYA: Shugaban makarantarmu ya ce a sayo ruwan gwajin rukunin jini a gwada ɗalibai a aji, su kuma tambayo na iyayensu. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata malama a Ijora.

AMSA: Hankalinki ya yi daidai, Malama. Huda yatsun yara sittin a aji hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Tambayo na iyaye kuwa ya fi haɗari. Mutane da yawa ba su riƙe rukuninsu daidai ba, wasu suna rikita shi da jinotayif, alhali rukunin A, B, AB da O a kuromosom na 9 yake, ba ruwansa da AA ko AS. Uba mai A da uwa mai B suna iya haifar mai O lafiya lau, in kowannensu yana ɓoye da O. Yaron da bai gama fahimtar wannan ba yana iya kai wuta gida.

Ki yi da madara. Madarar gari cokali biyu a rabin kofin ruwa mai ɗumi, da ɗigon jar kalar abinci kaɗan, ita ce jini. In kala ta yi yawa gudajin ba sa ganuwa. Tebur huɗu, kowanne da ƙananan kwalabe biyu, ɗaya an rubuta anti-A, ɗaya anti-B, sunayen ruwan gwajin rukunin A da na B. A tebur na farko anti-A farin binega ne, anti-B ruwa. A na biyu akasin haka. A na uku duk binega, a na huɗu duk ruwa. A ɗiga madara ɗigo biyar a wuri biyu a farin faranti, a ƙara ɗigo uku na kowace kwalba, a motsa da tsinken sakace daban-daban, a jira minti ɗaya. Inda ta guntse, akwai wannan rukunin. Tsinke ɗaya a wuri biyu yana kwaso binega ya mayar da A da B su zama AB. Madarar ruwa ta gwangwani tana jinkirin guntsewa. Warin binega yana tona asiri, sai ke ki riƙa ɗigawa. Bayan sun fitar da amsa ki faɗa musu gaskiya: a nan tsami ne ya dunƙule furotin ɗin madara, a jini kuwa sojojin garkuwar jiki ne ke kama ƙwayoyin jini su haɗe su, abin da Karl Landsteiner ya gano a 1901.

TAMBAYA: Littafinmu ya ce naɗe harshe gado ne mai rinjaye. Wani yaro ya ce shi yana iyawa, iyayensa duka ba sa iyawa. Me zan ce masa? Daga wani malami a Agege.

AMSA: Ka ce masa ba komai, Malam, littafin ne ya sauƙaƙa fiye da kima. Alfred Sturtevant ne ya kawo batun a 1940. A 1952 aka duba tagwaye masu kama ɗaya aka samu waɗanda ɗaya yana iyawa ɗaya ba ya iyawa, shi kansa Sturtevant daga baya ya janye. Wasu yaran ma koya suke yi. Haka batun leɓen kunne. Ka koyar da shi a matsayin bambanci tsakanin mutane, yadda manhaja ta jera shi, amma kada a zana masa bishiyar iyali.

In ƙirga kake so, tsawo da zanen yatsa sun fi. Ka kafa tef ɗin tela a bango, a cire takalmi, a jera tsawo rukunin santimita biyar-biyar, maza daban mata daban, in ba haka ba zanen zai yi tozo biyu. Za su ga yawanci a tsakiya suke, domin ƙwayoyin gado masu yawa ne ke aiki tare da abinci. Zanen yatsa kuwa ka bar tawadar hatimi, tana cika ramukan ta dame komai. A goga fensir mai laushi a takarda har ya yi baƙi ƙirin, a murza yatsa a kai, a manna farin salatif a yatsar, a ɓanɓare a liƙa a farar takarda. A goge gumi tukuna, kuma salatif ɗin ya kamo har gaɓar farko, in ba haka ba kusurwar da ake bambance zane da ita ba za ta fito ba. Iri uku za su gani: mai baka, mai lanƙwasa, da mai da'ira, kuma mai lanƙwasa ya fi yawa. In akwai Hassan da Hussaini masu kama ɗaya a makarantar, a nemi izininsu a ɗora nasu gefe da gefe. Irin zanen yana iya zama ɗaya, amma ƙananan rassan ba za su zo daidai ba, domin tun a ciki kwanciyar kowannensu ta shafi yadda fatar yatsarsa ta tsiro. Takardun kuma a mayar wa kowa tasa bayan darasi, kada makaranta ta ajiye.